Kwabon da Ya Manne a Damtsena

Ba zan taɓa mantawa da bazarar da aka kawo allurar korona ƙauyenmu ba, kuma ko na so in manta mutanen garin ba za su bar ni ba. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a wani ɗan asibitin sha-ka-tafi a yankin Kunci, ɗaki uku da baranda, da wata tsohuwar darbejiya a ƙofa. A ƙauye duk wanda ya sa farar riga ya riƙe sirinji likita ne, don haka Likita suke kirana, ni kuwa ban taɓa gyara wa kowa ba (a nan ma kun fara ganin halina).

Aikina rigakafin yara ne, kowace Talata. Shekara tara ina yi kafin abin nan ya faru. Da na zo garin, idan mata uku suka zauna a benci sai in ce yau an yi kasuwa. Na bi gidaje har takalmana suka cinye, ana ce mini maigida ba ya nan, ina jin kukan jaririn da aka ɓoye a bayan rumbu. Ba wayona ne ya canza garin ba, Iya Dije ce. Ita ce ungozomar ƙauyen, kusan duk wanda bai kai shekara arba'in ba a hannunta ya faɗo. Tsohuwa ce siririya mai kaifin ido, ba ta cika magana ba. Ta yi shekara biyu tana zuwa ta zauna a baranda tana kallona kamar mai tayin akuya, sannan wata rana a gidan biki ta ce, "Yarinyar nan ba ta ƙarya, ku kai mata 'ya'yanku." Daga wannan Talatar sai da muka aro benci daga makarantar firamare. Ni na san abin da ya cika bencinan nan, maganar tsohuwar nan ce guda ɗaya.

Sai ga korona. Ba sai na tsaya ba ku labarin wahalar ba, duk wanda ya rayu a lokacin ya sani. An rufe kasuwanni, manomi ga gyaɗa a ɗaki ba inda zai kai ta, ga kuɗin taki ya yi sama, mutane sun koma cin tuwo sau ɗaya. Mu kuma a asibiti kullum masu tari da zazzaɓi suna shigo mana, suna yi mana tari a fuska. Takunkumin da nake sawa da hannuna na ɗinka shi da tsohon ɗankwali. Safar hannu kuwa wankewa nake yi in shanya a igiya kamar safar makaranta. Wata da watanni babu wanda ya leƙo mu daga ofis ya ce ya kuke, kuna raye ko kun mutu. Amma ranar da allurar da ba wanda ya san kanta ta iso, sai ga takarda da hatimi, wai ma'aikatan lafiya ne a sahun gaba, da mu za a fara. Har yau in na tuna takardar nan sai raina ya ɓaci. Lokacin rabon takunkumi mu ne na can ƙarshen layi, lokacin tsira allura kuma an tuna da darajarmu.

An tara mu bita a hedikwata. Wata Hajiya daga ofis, mai gilashi da zobba, ta karanta mana takarda cikin sauri, ta ce allurar tana iya kawo 'yan ƙananan alamu, ta wuce. Na ɗaga hannu na tambaya wace irin alama, kuma mace mai neman haihuwa za ta iya yi? Ba don neman magana na yi tambayar ba. 'Yata ɗaya ce, Ummi, shekararta takwas a lokacin, kuma tun daga kanta shiru. Hajiya ta sauke gilashi ta dube ni ta ce, "Ke ma'aikaciyar lafiya ce ko mai tallan kunu?" Ɗaki ya fashe da dariya, har da waɗanda na san tambayar tana cikinsu ba su da bakin yi. Na zauna. Da matar nan ta ba ni amsa ta minti biyu kamar mutum, wallahi da ba na rubuta wannan labarin. Ba wanke kaina nake yi ba, amma tana da kaso, kuma ban yafe mata kasonta ba.

A wurin bitar aka yi wa incaj ɗinmu, wato shugaban asibitinmu, Malam Bala, tasa allurar. Mutum ne ƙato mai cin tuwo kwano biyu, ban taɓa ganin ya kwanta ciwo ba. Washegari sai ga shi cikin bargo a tsakiyar zafin bazara, haƙora suna kaɗawa, hannun hagu ko ɗagawa ba ya iya yi. Kwana biyu ya yi ya miƙe garas, amma ni kwana biyun kawai idona ya gani. Ga kuma wayata cike da saƙonnin murya da dangi suke turowa: wai duk wanda ya yi zai mutu cikin shekara biyu, wai tana daskarar da jini, wai tana kashe mahaifa. Ni da na shekara tara ina gaya wa mata cewa irin waɗannan maganganun shirme ne, sai ga ni ina sa waya a kunne a bayan ɗaki ina saurare har ƙarshe, ina maimaitawa.

Ranar da za a fara allurar a ƙauyenmu aka shimfiɗa tabarmi a gindin darbejiya. Dagaci ya zo, liman ya zo, Hajiya mai gilashi ta iso a mota da mai ɗaukar hoto. Dagaci ya naɗe hannun riga aka yi masa, aka tafa. Sai aka ce ana son mace ɗaya ta yi don mata su samu ƙwarin gwiwa, duk idanu suka juyo kaina. Nan take wata dabara ta faɗo mini, irin dabarar da shaiɗan kan miƙo wa mutum a shirye. Na sunkuyar da kai na ce ni matar aure ce, ba zan buɗe damtsena a gaban maza ba. Liman ya gyaɗa kai ya ce madalla, haka ake son 'ya'yan Musulmi. (Allah ya yafe mini, har albarka ya sa mini.) Malam Bala namiji ne, ba zai bi ni bayan labule ba. Hajiya ce ya kamata ta yi mini, amma tana can tana gyara wa dagaci tsayuwa don hoto ya yi kyau. Na ce kada ta damu, na saba, zan yi wa kaina.

Na shiga na ja labule. Na zuƙo maganin a sirinji, na dube shi, na dubi damtsena, na matse shi gaba ɗaya cikin auduga na jefa a kwandon shara. Maganin da aka ɗauko daga wata duniya cikin ƙanƙara, a auduga ya ƙare. Na manna filasta a fatar da ko sauro bai ciza ba, na fito ina yamutsa fuska ina dafe da hannu. Wata har guɗa ta yi mini. Iya Dije ta kama hannuna na dama ta ce za ta sa mini ido wata guda, in ta ga ina nan lafiya ita ma za ta yi, ta kuma sa mata su yi.

Da ƙaryar ta tsaya nan da da sauƙi. Da na koma gida sai na fara tunani, Malam Bala ƙato guda ya yi kwana biyu a kwance, ni in tashi gobe ina tsalle ai za a gane. Don haka na kwanta. Na ɗaure kai da ɗankwali, na ja bargo, da na ji sallama sai in fara nishi. Mata suka yi ta zuwa dubiya, wannan da fura, wannan da kunun tsamiya, wannan da ƙwai biyu a ƙullin leda, a shekarar da mutane suke kwana da yunwa. Maigidana, malamin firamare ne, shi ma ban gaya masa ba. Bawan Allah ya hau keke cikin rana ya je ya nemo mini kankana, ya zauna yana yi mini fifita. Na cinye kankanar tas, na ce bakina ba ɗanɗano. Ban yi tunanin cewa duk matar da ta fita daga ɗakina ta fita da tsoron allurar da ban yi ba.

Bayan mako uku aka yi suna a gidan wani maƙwabcin dagaci. Da azahar mata sun cika tsakar gida, an tuɓe hijabai saboda zafi, ana rabon waina. Ni na ci ado, na shafe jikina da man kaɗanya tun daga wuya har ƙafa don fatata mai bushewa ce, ga gumi yana bin ko'ina. Cikin baƙi akwai wata ƙanwar mai gidan da ke aure a Ungogo, da babbar waya da babban baki. Ita ta ɓallo zancen. Ta nuna wa mata bidiyon wani mutum yana manna kuɗin ƙarfe a inda aka yi masa allura, kuɗin ya zauna. Ta ce maganaɗisu ake zuba wa mutane a jini, a birni kowa ya sani.

Kun san abin da na yi? Dariya. Na miƙe tsaye na fara lacca, da muryar nan tawa ta ranar Talata. Na ce jahilci ne, na ce masu neman suna ne suke haɗa irin wannan, na ce abin kunya ne a ce mace tana zaune kusa da birni tana yawo da shirme a waya. Ba wanda ya nemi ya gwada ni. Ni da bakina na ce ga ni, ai ni na yi allurar, a kawo ƙarfe a gwada. A raina ina cewa wannan kam nasara ce a ɓagas, hannun da ko allura bai gani ba me zai kama?

Iya Dije ta kwance haɓar zaninta ta fito da wani tsohon kwabo mai huji, irin na zamanin da. Da shi take ɗaure wa jarirai cibiya in ta turo, abin da na sha yi mata faɗa a kai. Na ɗaga hannun rigata na miƙa mata damtse ina murmushi. Ta ɗora kwabon, ta danna da babban yatsa, ta janye hannunta.

Kwabo ya zauna.

Na ɗan girgiza hannu, yana nan. Na ɗaga hannun sama, na sauke, yana nan kamar an haife ni da shi. Sai wata daga can baya ta fara salati a hankali, sauran suka amsa. Na ce a'a, ku tsaya, gumi ne kawai, a gwada a jikin wata. Aka gwada a hannun kakar jaririn, tsohuwa mai busasshiyar fata, kwabo ya faɗi ƙasa ya yi ƙara. Na ce to a gwada a hannuna na dama da ba a yi allurar ba, ya sake mannewa. Mutuniyar Ungogo ta tafa hannu ta ce, "Kun gani ko? Ya gama zagaye mata jini." Na goge damtsen da gefen zani aka ɗora ya faɗi, suka ce dabara na yi, mu ma'aikata mun san yadda ake kashe shi. Duk ƙofar da na nufa sai in tarar na rufe ta da kaina.

Iya Dije ba ta yi salati ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta ɗauki kwabonta ta mayar haɓar zani ta ƙulle, ta ce, "'Yar nan, ke ma cutarki aka yi, ban ga laifinki ba. Amma mutanen da suka aiko wannan su suke aiko ta yara. Daga yau ɗan da na yanke wa cibiya ba ya zuwa benci."

A nan ne ya kamata in buɗe baki. Kalma huɗu ce, ban yi allurar ba. Na dubi matan da suka kawo mini ƙwai, na dubi mutuniyar Ungogo da na gama zagi yanzu-yanzu, na tuna albarkar liman, sai na ja bakina na yi gum. Na sa hijabina na fita ko waina ban ɗauka ba. Wannan shirun ya fi matse maganin a auduga muni, kuma na san haka tun a lokacin.

Talata ta zo, benci wayam. Na fito da magani daga firij na jera a kular ƙanƙara, na zauna har azahar, na mayar. Malam Bala ya yi ta zagaye baranda yana faɗa, yana cewa shi da aka yi wa a gaban jama'a a zo a gwada a jikinsa mana. Ba wadda ta zo, ai mata ba za su je suna manna wa namiji kwabo ba. Dagaci ya sa aka yi shela, a banza. Maigidana ya ce irin wannan kwabon ko maganaɗisun gaske ba ya kama shi, ya ɓalle bayan tsohuwar rediyonsa ya ciro mini maganaɗisu. Na bi gidaje da shi ina nunawa, ga allurar ɗinki ta manne, ga kwabo ya ƙi. Wata mata ta kalla da kyau ta ce, "To ai na jikinku ya fi wannan ƙarfi ke nan." Na dawo gida ina huci, ina zagin jahilcin mutanen ƙauye, ni da ƙaryar ke cikin bakina. Talata ta biyu ta wuce haka, ta uku ma haka.

Duk mai aikin nan ya san abin da zafin bazara ke zuwa da shi. Ƙyanda ta ɓulla a wata unguwa da ke bayan gonaki, ta tsallako. Wata safiya Larai, matar wani mai gyaran keke, ta shigo da 'yarta Hauwa a goye. Larai tana cikin matan da ba su taɓa fashin Talata ba. Jikin yarinyar kamar garwashi, ƙuraje sun feso tun daga bayan kunne, idanu sun yi ja sun manne da kwantsa. Na karɓi katinta na buɗe. Ranar da za ta dawo allurar ƙyanda tana nan a rubuce, da birona, da rubutuna, kuma ita ce Talatar farko da benci ya kwana babu kowa. Na yi mata abin da zan iya, muka rubuta takarda aka wuce da ita babban asibiti. Larai tana fita tana yi mini godiya.

Bayan la'asar na tafi gidan Iya Dije. Na same ta a ƙofar ɗaki tana ɓarar gyaɗa. Na durƙusa na gaishe ta, na faɗa mata komai, auduga, filasta, bargo, man kaɗanya. Ba ta daina ɓarar gyaɗar ba har na gama. Na so ta zage ni, ko ta jefe ni da kwanon, da na ji sanyi. Sai ta ce, "A ina kika yi ƙaryar?"

Na ce, "A asibiti, Iya."

"A gaban su wa?"

"A gaban kowa."

"To me ya kawo ta ɗakina? Can za ki je ki kwashe abarki."

Na roƙe ta ta gaya wa mata ita da kanta, a hankali, gida-gida. Ta ce ita ta riga ta yi nata kuskuren da ta tsaya mini shaida, ba za ta ƙara da yi mini aike ba.

Da safe na gaya wa maigidana. Abin da kawai ya ce shi ne, "Har da kankanar?" Malam Bala kuwa ya tsaya riƙe da ƙugu ya rasa ta inda zai fara, daga baya ya fara, ya yi kusan awa bai ƙare ba.

Ranar Talata Iya ta bi gidaje da kanta ta ce kowa ta fito, Likita tana da magana. Ban taɓa ganin taro irin wannan a ƙofar asibitinmu ba, ko ranar da Hajiya ta zo da mota. Dagaci da liman a tabarma, mata tsaye har bakin hanya, wasu a kan katanga. Na tsaya a gindin darbejiya da farar rigata. Na ce ina neman gafararsu, allurar nan ban yi ta ba. Wata tsohuwa daga baya ta ce ba su ji ba. Na sake faɗa. Ta ce a ɗaga murya dai, ai ranar suna muryar tana fita. Sau uku na faɗa, na ukun da ƙarfi kamar mai shela, har awakin da ke ɗaure suka waiwayo. Na ce tsoro na ji, na zubar da maganin a auduga, ciwon da na kwanta ma na ƙarya ne.

Sai wata murya ta ce, "To ƙwaina fa?" Wurin ya ɓarke. Wasu dariya har da riƙe ciki, wasu tsaki, wasu suna tafa hannu suna Allah wadai. Mai kunun tsamiya ta ce ita ranar 'ya'yanta ba su karya ba. Liman ya sunkuyar da kai yana jan carbi, bai dube ni ba. Na yi fatan ƙasa ta buɗe in shige, ƙasar kuwa ta bazara ce, ko fartanya ba ta shigarta.

Wata ta tambaya, in ban yi allura ba me ya riƙe kwabon? Na ce man kaɗanya ne da gumi. Iya Dije ta sa aka kawo man, ta lakata ta shafa a nata damtsen da ko allurar korona bai taɓa gani ba, ta ɗora kwabo, ya zauna daram. Ta ɗaga hannun ta zagaya da shi kowa ya gani, ta ce, "Ni ma ga shi na zama rediyo." Abin da na yi mako uku ina fama da maganaɗisu ban iya ba, tsohuwar nan ta gama shi da lakatar mai ɗaya.

Sannan aka zo kan allurata. Wannan karon babu zancen bayan labule ni kaɗai. Da izinin maigidana, mata huɗu suka kewaye ni da mayafi aka bar ɗan wurin damtse kawai, Malam Bala ya zo da sirinji. Iya ta karɓa ta ɗaga shi a rana ta ga ruwan, ta kafa ido har allurar ta shige, bayan an zare ta sake dubawa ta ga babu komai, ta kuma karɓi audugar ta matse ta ta sansana. (Ina ganin Malam Bala ya ɗan ƙara wa hannunsa nauyi ranar, amma ba ni da bakin ƙorafi.) A ranar muka yi wa yara rigakafi har la'asar. Iya ba ta bar ni na taɓa ko yaro ɗaya ba sai tana tsaye a kaina.

Washegari zazzaɓi na gaske ya rufe ni, gaɓoɓina kamar an daka, hannu ya yi nauyi. Ko kare bai leƙo ba. Na yi nishi, maigidana ya ce Allah ya sawwaƙe bai ɗago daga littafin da yake dubawa ba. Na sha magani na lallaɓa na tafi aiki, kafin jibi na warware. Iyakar abin da na yi wa wannan ɓarnar duka ke nan, ciwon kwana ɗaya da rabi. Daga ofis aka aiko mini takardar tuhuma, Hajiya mai gilashi ce ta sa hannu. Na amsa laifina a rubuce, na kuma ƙara layi biyu a ƙasa game da yadda ake amsa tambayar ma'aikaci a wurin bita. Malam Bala ya ce in goge, na ƙi.

Yawancin mata sun dawo, wasu sai bayan shekara, biyu ko uku har yau ba su dawo ba. Iya Dije ta yi allurarta, amma ba ta ƙara tsaya mini shaida a gaban kowa ba har Allah ya karɓi abarsa. Hauwa ta rayu. Sai dai ƙyandar ta bar mata fari a idon hagu, ba ta gani da shi. Na sha lissafa kwanakin a kaina, in ce ko da an yi mata ranar wataƙila maganin bai gama kama jikinta ba, wataƙila da ma za ta kamu. Na san aikina, na san ƙarya nake ƙara yi wa kaina. Larai ba ta taɓa gaya mini magana ba, ƙannen Hauwa biyu duk a hannuna aka yi musu rigakafi, kuma da ta zage ni sau ɗaya da ya fi mini sauƙi.

Abin da na koya ba mai yawa ba ne. In tsoro ya kama ka, ka faɗa da bakinka tun ana saurare, ko da mai gilashi za ta kira ka mai tallan kunu, don kunyar wuni ɗaya ce. In kuma ka riga ka yi ƙarya, to don Allah ka zauna a wurin suna ka ci wainarka, ban da lacca, ban da man kaɗanya. Yanzu duk matar da ta ce mini tana tsoron allura sai in ja mata kujera in amsa tambayoyinta har ita ta gaji. Hauwa ta girma, tana zuwa Islamiyya, kuma hanyarsu ta ƙofar asibitinmu ta bi. Kullum da yamma in ina baranda sai ta tsaya ta ce, "Likita, ina wuni," ta juyo da kanta gaba ɗaya don ta gan ni da idon da ya rage mata.